Ciwon da Kayan Jego Ba Su Warkarwa

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya rene mu a cikin cikkunan iyayenmu mata tun ba mu san kanmu ba. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki alƙalami, domin maganar cikin gida ce, mu kuwa an hore mu a kan cewa abin da ya faru a ɗaki ba ya fitowa tsakar gida, balle ya kai ƙofar waje. Sai da na nemi iznin maiɗakina. Ta yi kwana biyu ba ta ce mini komai ba, a na uku ta ce in rubuta, amma kada in ambaci sunanta. Ta ce wataƙila yanzu haka akwai wata maijego a Maraɗi ko Damagaram da ke kwance ta juya fuskarta ga bango, mutanen gidan kuma suna ta yi mata nasiha a kan godiyar Allah. Da izninta nake wannan bayani.

Rumfar kayan jego

An haife ni a Umdurman ta ƙasar Sudan. Mahaifina, wanda kowa ke kira Malam, ya baro Damagaram yana saurayi da niyyar hajji da neman ilimi, ya bi hanyar gabas da dubban Hausawa suka bi kafinsa. Masu tarihi sun san cewa bayan yaƙin Burmi na 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka ci gaba da tafiya gabas, har ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin kogin Nilu Shuɗi. Malam ya sauke farali, ya dawo ya zauna Umdurman, aka ba shi limancin wani ƙaramin masallaci a cikin ƴan uwanmu, waɗanda mutanen ƙasar ke kira Fallata. A gabansa na yi allo, na karanta littattafan fiƙihu na farko, sannan na gama sakandare ta gwamnati.

Da na gama, sai kawuna ya ba ni rumfa a Suk al-Shabi. Kasuwa biyu ke da wannan suna, ɗaya a Hartum, ɗaya a Umdurman. Tamu ita ce ta Umdurman, inda manyan motoci ke lodin mutane da kaya zuwa Kurdufan da sauran ƙasar yamma, ƙura ba ta kwantawa, masu shayi kuma suna zaune bakin kowane layi da gawayinsu. Abin da nake sayarwa kayan jego ne: hulba ta yin madida, itacen ɗalha wanda matan Sudan ke turara jiki da hayaƙinsa a abin da suke kira duhan, man riɗi, dabino, citta da kanumfari, da kuma kanwa saboda matan Hausawa da ba su yarda a yi jego ba kunun kanwa ba. Masu ciniki a wurina yawanci tsofaffi ne, kakanni da surukai. Da zarar tsohuwa ta ce ɗiyarta ta sauka, na san mudu nawa za ta buƙata har arba'in, ban taɓa kuskure ba.

Ta ɓangaren karatu kuma na haddace babin nifasi. Na san cewa a mazhabar Malikiyya iyakar jinin biƙi kwana 60 ne, na san hukuncin sallarta da azuminta da wankanta. Saboda haka na ɗauki kaina masanin jego ta fuska biyu, ta kasuwa da ta littafi. Allah ya nuna mini iyakar sanina a cikin ɗakina.

Bayan arba'in

A farkon shekarar 2017 maiɗakina ta haifi ɗiyarmu ta fari, lafiya lau. Aka yanka rago ran suna, gida ya cika. Babu abin da ban kwaso daga rumfa ba, kuma mafi kyawunsa na zaɓa. Mahaifiyarta ta zo daga wajen Sinnar ta zauna da ita. A kwanakin farko nakan tarar da ita tana hawaye ba dalili, tsofaffi suka ce haka sabuwar haihuwa take, zai wuce. Na yarda da su.

Arba'in ta cika, surukata ta koma garinsu, baƙi suka ɗauke ƙafa. A nan ne abin ya fito fili. Ina fita bayan Asuba, ba na dawowa sai an yi Isha'i, sai in same ta zaune cikin duhu ba ta kunna fitila ba. Abincin da aka aiko mata tun rana yana nan a rufe. Jaririya na kuka a gefenta, ita kuma ta zuba wa bango ido, sai na taɓa ta sannan ta zabura ta ɗauke ta. Ko yarinyar ta yi barci, ita ba ta runtsawa. Mace mai son tsafta da raha, wadda dariyarta ke kaiwa har zaure, ta koma ba ta ko tsefe kai. In yarinya ta yi tari sau ɗaya, sai ta ce ita ce ta cuce ta, ba ta iya reno ba, ba ta cancanci zama uwa ba.

A nan zan faɗi laifina, domin shi ne dalilin wannan rubutu. Na yi mata faɗa. Na ce da ita: "Me kika rasa? Akwai maijegon da aka yi wa abin da aka yi miki a unguwar nan? Wasu shekara goma suna neman haihuwa ba su samu ba, ke an ba ki kina kuka. Ki ji tsoron Allah." Ta sunkuyar da kai ta ce in yafe mata. Na kwanta ina ganin na yi gyara, ashe dutse na ƙara ɗora wa wanda ke nutsewa. Tun daga ranar ta daina kuka a gabana, na ɗauka ta warke.

Kowa a dangi ya kawo nasa fassarar. Wasu suka ce kambun baka ne saboda yawan kayan da aka gani ran suna. Wasu suka ce iska ta taɓa ta a banɗaki da Magariba. Wata ta ce baƙin ciki take yi don ba ta haifi namiji ba. Wani abokina a kasuwa ya ce shagwaɓa ce, maganinta in ƙaro aure. Malam ya yi mata ruƙya da rubutu kamar yadda yake yi wa kowa, ta kan ɗan samu natsuwa sa'ad da yake karatu, in ya tashi abin ya dawo. Har aka kai mu wurin wani mai magani a bayan gari, ya dube ta ya ce aljani ne mai taurin kai, sai an haɗa masa da bulala. Malam ya miƙe ya kama hanya, ya ce ba a dukan marar lafiya a gabansa. Allah ya saka masa da alheri a kan wannan tashi da ya yi.

Wani dare, yarinya na da kusan wata uku, na farka na gan ta zaune bakin gado. Ta ce da ni cikin sanyin murya, kamar mai ba da labarin farashin hatsi: "Maigida, na yi tunani, da kai da yarinyar nan za ku fi samun sauƙi in ba na nan." Ban sake runtsawa ba har kiran salla.

Takarda mai tambayoyi goma

Ina da ƙanwa, ɗiyar goggona, wadda ta karanta ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Ahfad ta mata da ke Umdurman. A dangi ana yi mata ba'a, wai ta je ta koyo karatun mahaukata. Da gari ya waye na kira ta, ban ma san me zan ce ba. Ta zo kafin Azahar, ta gaida Malam, ta ce in ba su wuri. Sun fi awa ɗaya a ɗaki. Da ta fito, sai ta ce: "Yaya, matarka ba ta da lafiya. Ciwon yana da suna, kuma yana da magani. Gobe da safe za mu asibiti. Daga yanzu zuwa goben kada a bar ta ita kaɗai ko na minti ɗaya."

A hannunta akwai takarda guda da aka rubuta da Larabci, mai tambayoyi goma. Na karɓa na duba, na ga ba wani abu mai wuya a ciki. Ana tambayar maijego game da kwana bakwai da suka wuce: ko tana iya dariya kamar da, ko akwai abin da take ɗokin zuwansa, ko tana ɗora wa kanta laifi a kan abin da ba laifinta ba ne, ko tsoro na kama ta ba dalili, ko al'amura sun fi ƙarfinta, ko baƙin ciki na hana ta barci, ko tana yawan kuka. Ta goman ita ce ko tunanin cutar da kanta ya taɓa zo mata. Kowace amsa tana da maki daga 0 zuwa 3, jimla 30. Makin maiɗakina ya yi sama ƙwarai, kuma ta amsa ta goman da i.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, babu tambaya ɗaya a cikin goman da ta fi ƙarfin bakina. Wata uku ina kwana ɗaki ɗaya da ita, ina tambayarta ko ta sha madida, ko nono na zuwa, ko ta yi turare, ban taɓa tambayarta ko tana iya dariya ba.

Daga baya ƙanwata ta ba ni tarihin takardar. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Birtaniya, John Cox, ya yi aiki a Yuganda a shekarun 1970, ya bi matan karkara masu ciki har bayan haihuwarsu, ya tarar da wannan ciwo a cikinsu. A lokacin akwai masu cewa ciwon matan Turawa ne da ba su da dangi a kusa, matan Afirka ba su san shi ba. Da ya koma Edinbara ta Sikotilan, shi da Jenifer Holden da Ruth Sagovsky suka tsara waɗannan tambayoyi, suka fitar da su a 1987. An fassara su zuwa harsuna da yawa, an gwada ta Larabci a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 1997. Takardar ba ta yanke hukuncin cewa mace na da ciwon, aikinta ta nuna wadda ya kamata masani ya duba.

Masu ƙirga abin da ba a gani

Na tambayi ƙanwata yadda aka san cewa awon da aka yi a Edinbara zai yi daidai a kan macen Umdurman. Ni ɗan kasuwa ne, na san mudun wani gari ba ya zama mudun wani sai an gwada. Ta ce ai an gwada, kuma a garinmu aka yi.

Dakta Dina Sami Khalifa, malama a Jami'ar Ahfad, tare da abokan aikinta na ƙasar Nowe, sun ɗauki mata masu ciki 300 daga manyan asibitoci biyu na jihar Hartum. Bayan wata uku da haihuwa suka sake samun 238 daga cikinsu, suka yi musu tambayoyin, sannan masana suka zauna da wasunsu domin a ga ko abin da takarda ta nuna ya dace da abin da ke akwai. Sakamakon ya fito a 2015: kashi 9.2 cikin 100 suna da alamun ciwon damuwa na bayan haihuwa, wato kusan mace ɗaya cikin goma sha ɗaya. A 2016 suka fitar da kashi na biyu a kan dalilai. A ciki suka nuna cewa macen da ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi haɗarinta ya ninka kusan sau bakwai, kuma gwargwadon ƙarancin shekarun uwa gwargwadon ƙaruwar haɗarin. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa kusan kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu a duniya suna fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuma adadin ya kusa kashi 20.

Na zauna a rumfa na yi lissafi irin namu. A shekara tara na auna wa tsofaffi kayan jego ba adadi. In har ɗaya cikin goma sha ɗaya gaskiya ne, to ɗaruruwan mata sun sha hulbata suna cikin halin da maiɗakina ke ciki, ba wanda ya sani. Tun daga ranar na daina yi wa irin wannan karatu ba'a. Aiki ne na haƙuri: a nemi mace tana da ciki, a jira ta haihu, a sake nemo ta bayan wata uku, a lallashe ta ta faɗi abin da ta ɓoye wa mijinta da mahaifiyarta, a yi haka sau ɗari biyu da wani abu, sannan a zauna a tace. Shekaru ake ci kafin a fito da lamba ɗaya. Amma da wannan lambar ce ƙanwata ta iya tsayawa gaban dangi ta ce ciwo ne sananne, maiɗakina kuma ta ji cewa ba ita kaɗai ba ce a duniya.

Malam da littafin Balhi

Malam ya ba da iznin zuwa asibiti a daren, domin ya ce kiyaye rai yana gaba da kowace magana. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. A Umdurman in aka ce za a kai mutum wurin likitan ƙwaƙwalwa, abin da ke zuwa ran kowa shi ne asibitin Tijani al-Mahi, kuma a bakin mutanen gari ambaton sunan kaɗai yana nufin an haukace. Malam ya ce da ƙanwata: "Ɗiyata, mu a wurinmu baƙin ciki maganinsa zikiri da haƙuri. Yaya za a ce abin da ke cikin zuciya ƙwaya ce za ta cire shi?"

Ba ta yi musu da shi ba. Bayan mako guda ta kawo masa littafi da Larabci, Masalihul Abdani wal Anfus, na Abu Zaid al-Balhi wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, daidai da 934. A cikinsa wannan malami ya bambanta baƙin cikin da aka san sanadinsa, kamar rasuwa ko asarar dukiya, da wanda ke faɗo wa mutum ba tare da sanadin da ake gani ba, ya danne shi ya hana shi jin daɗin komai. Na biyun ya danganta shi ga jiki, ya ce yana buƙatar maganin jiki tare da tausasawa da kyakkyawar magana. Ta gaya masa cewa wanda ya sake fito da darajar wannan littafi a zamaninmu ɗan Sudan ne, Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam da aka haifa a Rufa'a a 1932, wanda ya fassara shi zuwa Turanci a 2013. Ya rasu a 2021, Allah ya jiƙansa. Mahaifinsa, Shaihu Babikir Badri, shi ne ya buɗe makarantar ƴan mata a Rufa'a a 1907, wadda daga tushenta Ahfad ta tsiro, ta zama kwalejin mata a Umdurman a 1966. Ta kuma tuna masa cewa shi kansa Tijani al-Mahi, wanda ya buɗe wurin duba masu ciwon ƙwaƙwalwa na farko a Bahri a 1949 kuma ya rasu a 1970, an san shi da girmama shaihunai da yin aiki tare da su.

Malam ya riƙe littafin kwana uku. A na huɗu, a karatun bayan Magariba, ya buɗe Suratu Maryam. Ya ja hankalin jama'a ga wurin da naƙuda ta kai Nana Maryam ga kututturen dabino, tsanani ya kai ta ga burin da ma ta mutu kafin wannan rana. Ya ce su duba da kyau, wannan ita ce wadda Allah ya zaɓa a kan matan duniya, kuma amsar da ta zo mata babu zargi a cikinta, babu tuhumar raunin imani. An kwantar mata da hankali, an nuna mata ruwa, an ba ta ɗanyen dabino, an ɗauke mata nauyin yi wa mutane bayani. Ya ce duk mijin da matarsa ta haihu ta shiga ƙunci, ya koyi ladabi daga wannan wuri. Bai ambaci sunana ba, amma ban iya ɗaga kai ba har aka tashi.

Yadda aka yi magani

Likita ta auna jininta ta tarar yana da ƙaranci, ta kuma duba ƙwayar wuya da ke kawo maƙoƙo, domin matsalarta kan yi kama da ciwon damuwa. Ta bayyana mana cewa sinadaran da ke riƙe da ciki suna faɗuwa kwatsam da zarar mabiyiya ta fita, ga rashin barci, ga kaɗaici bayan an watse, sai su taru a kan wadda jikinta ke da saurin kamuwa. Ta rubuta maganin da mai shayarwa ke iya sha, ta ce ba zai nuna aikinsa ba sai bayan makonni, kuma kada a daina shi don an ga sauƙi. Aka sa mata ranakun zama da masaniyar halayyar ɗan Adam. Ni ma aka ba ni nawa aikin: in rufe rumfa da La'asar, in karɓi yarinya da dare in ba lokacin shayarwa ba ne, in roƙi surukata ta dawo, in daina wa'azi in koyi saurare. Malam bai fasa ruƙyarsa ba, likita ma ba ta ce a fasa ba.

Sauƙi ya zo a hankali, yau gaba gobe baya. Wajen wata na biyu da fara magani na dawo na tarar ta yi kitso. Wani yammaci kuma ina alwala a tsakar gida na ji ta tana yi wa yarinya wasa har ta yi dariya. Na tsaya da buta a hannu, ban ƙarasa alwalar ba sai da na share hawaye. Da ta sake haihuwa a 2020, tun tana da ciki muka sanar da likita, domin wadda ta taɓa yi tana cikin haɗarin maimaitawa. Mahaifiyarta ta zauna wata uku maimakon kwana arba'in, ƙanwata ta zo da takardarta sau biyu, Allah ya kiyaye.

Ga abin da na koya, ya kai maigida. Hawaye da saurin fushi a kwanakin farko suna samun mata da yawa, kuma sukan wuce kafin mako biyu. In ƙunci ya zarce haka, ta daina jin daɗin komai, ba ci ba barci, tana zargin kanta, to a je asibiti. In kuwa ta ambaci mutuwa, ko cutar da kanta ko jaririn, ko ta rikice tana gani ko jin abin da ba kowa ke gani ba, wannan na ranar ne, ba a jira wayewar gari biyu. Irin wannan rikicewa mai tsanani tana samun mace 1 zuwa 2 cikin 1000, kuma ita ma ana warkewa.

Abin da ya rage a kanmu

Yaƙin da ya ɓarke a Hartum ran 15 ga Afrilu 2023 ya raba mu da Umdurman. Na kulle rumfata na bar ta da kayanta, muka yi doguwar tafiya har Allah ya kawo mu Damagaram, garin da Malam ya baro yana saurayi. Ina yawan tuna matan da suka haihu a kan hanya da cikin sansanonin gudun hijira, babu uwa kusa, babu arba'in, babu mai tambaya.

A nan na tarar da jego irin na kakanninmu: wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama, zuwa wanka gida. A cikin wannan al'ada akwai rahama babba, domin ba a barin maijego ita kaɗai. Amma al'ada ma tana amfana da bincike. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, suka nuna alaƙar yawan kanwa da tsananin zafin jego da ciwon zuciyar da ke kumbura mata bayan haihuwa, kuma har yau ma'aikatan lafiya suna gargaɗi a kai. Yadda aka sa ido a kan jikin maijegonmu, haka ya kamata a sa a kan halin da ranta ke ciki.

Kada a ce ba mu da likitocin ƙwaƙwalwa isassu. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Farfesa Atif Rahman da abokansa sun koya wa ma'aikatan lafiya mata na ƙauye yadda za su zauna da uwa, su saurare ta, su taimake ta ta gyara tunanin da ke danne ta, su jawo dangi cikin taimakon. A sakamakon da ya fito a 2008, bayan wata shida kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon a cikin waɗanda aka yi wa haka, alhali a ɗaya rukunin kashi 53 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da tsarin littafin koyarwa a 2015. Ungozomominmu da malaman makarantun Islamiyya mata za su iya koyon irin wannan.

Saboda haka ina roƙon iyaye: in ɗiyarku ta ce tana son karatun halayyar ɗan Adam, kada ku ce karatun mahaukata ne. Muna buƙatar waɗanda za su zauna da matanmu su tambaye su da Hausa, cikin kunya da ladabin da suka saba, su ƙirga, su rubuta, su kai wa hukuma. Ina roƙon limamai su ambaci wannan ciwo a wurin suna, inda maza ke taruwa. Kai kuma ɗan uwana da matarka ke jego yau, in ka shiga gida da ledar nama da kayan yaji, ajiye su, ka zauna kusa da ita, ka tambaye ta yaushe rabon da ta yi barci, yaushe rabon da ta yi dariya. In ta amsa, kada ka katse ta da nasiha.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna, ya mayar da zaman lafiya ƙasar Sudan, ya yafe mana abin da muka yi cikin jahilci.